Ampilin gita mai ƙwan gilashi: ɗan koyo zai iya haɗa shi a Damagaram?

Shin matashin da bai taɓa haɗa komai ba zai iya zama ya ƙera ampilin gita mai ƙwan gilashi da hannunsa a nan Zinder? In zai iya, riba ce ko ɓarnar kuɗi? Maganar tana yawo tsakanin ƴan gita da yaran shagunan gyaran rediyo tun da bidiyoyin masu haɗa irin wannan ampili suka yawaita a YouTube da TikTok. A fada, kan shayi, za ka ji wani ya rantse cewa mai ƙwai ya fi kowane ampili ƙara, wani kuma ya ce ai da tsohuwar rediyon kakansa da dalma kaɗan an gama, ba sai an kashe ko dala ba. Akwai ƙanshin gaskiya a maganganun biyu, amma an bar babban abin a baya. Haɗa wayoyin ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana cikin ƙarfin wutar da ke kwance cikin akwatin, da wata taransifoma guda da ba a samunta a kasuwarmu, da kuma halin kuran ɗin gidajenmu.

Mene ne ƙwan, kuma me yake yi?

Gitar lantarki ba ta da murya ta kanta. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta motsa, sai wata ƴar wuta ta taso, wadda sau da yawa ba ta kai volt 1 ba. Aikin ampili shi ne ya ɗauki wannan ƴar wutar ya ƙara mata ƙarfi har ta iya girgiza sifika.

Kafin zuwan taransisto, ƙwan gilashi ne ke wannan aiki, wanda masu gyara a nan suka fi sani da lamp. Kwalba ce ƙarama da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiya akwai ƙarfe da ake gasawa har ya yi ja, sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki. A gefe akwai faranti da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, shi ke janyo su. Tsakaninsu kuma akwai raga ta siririyar waya. Ƴar wutar gita a kan ragar ake sa ta. Ta ɗan hau, kwarara ta ƙaru sosai. Ta ɗan sauka, kwarara ta ragu sosai. Shi ke nan sirrin. John Ambrose Fleming ne ya fito da ƙwai na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara ragar a Amurka a 1906. Taransisto ya zo a 1947, ya yi aikin ba gasa ƙarfe, ba gilashi, da wuta kaɗan, ya kori ƙwai daga rediyo da kusan komai. Wajen ƴan gita ne ƙwan ya maƙale bai tafi ba.

Daga ina zaƙin sautin yake?

Ko wane ampili yana da iyaka. In aka matsa masa ya wuce iyakarsa, sautin yana murguɗewa. Bambancin shi ne yadda yake murguɗewa. Ampilin taransisto na gargajiya yana tafiya tsaf har ya kai bango, sannan ya datse sautin kwatsam, kunne ya ji ƙaiƙayi. Ƙwai kuwa a hankali yake lanƙwasawa. Mai kiɗa ya taɓa tsirkiya da sauƙi, sauti ya fito garau. Ya ƙara nauyin hannu, sauti ya yi kauri da ɗan gurnani, ba tare da ya taɓa wani maɓalli ba. A ƙananan ampili masu ƙwan ƙarfi guda ɗaya, wato ƙwan da ke tura sifika, ƙarin muryar da murguɗewar ke haifarwa yawanci ninkin muryar asali ce, shi ya sa kunne ba ya ƙyamarta.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Roland JC-120, wanda ya fito a 1975, babu ƙwai ko ɗaya a cikinsa, amma manyan makaɗa sun dogara da shi shekara da shekaru saboda tsabtar sautinsa. Tun daga Line 6 POD a 1998 zuwa Kemper a 2011, na'urorin da ke kwaikwayon ƙwai da lissafin kwamfuta sun kai matsayin da in aka naɗi sauti aka sa maka a waya, da wuya ka rarrabe. Sannan kiɗan gita da ya fitar da sunan Nijar waje, na su Bombino da Mdou Moctar da ƴan Agadas, a wuraren buki ya girma, da duk ampilin da hannu ya kai gare shi. Mdou Moctar ma gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Ni a ganina, bambancin ƙwai ya fi bayyana ga mai kiɗan kansa, a yatsunsa, fiye da ga mai sauraro. Kuma rabin abin da ake yabawa a matsayin sautin ƙwai, aikin sifika ne da akwatin katakon da take ciki.

Maganar ƙara

Wat ɗaya na ƙwai da wat ɗaya na taransisto duk wat ne. Abin da ke ruɗa mutane shi ne mai ƙwai ana iya buɗe shi har ƙarshe sautin bai yi muni ba, sai a ga kamar ya fi ƙarfi. Kunne kuma ba ya lissafi kai tsaye: kafin ka ji ƙara ta ninka, sai ka ninka wat sau goma. Ampili mai wat 50 bai fi mai wat 5 ƙara sau goma ba, wajen ninki biyu ne kawai. Saboda haka wat 5 zai cika ɗaki har maƙwabta su leƙo. Amma a filin buki, ga ganga ga kalangu ga guɗa, zai nutse, sai dai a kafa masa makirufo a gaba a shigar da shi cikin sono.

Abin da ake fara haɗawa

Kusan duk inda ake koyon wannan sana'a, da taswira ɗaya ake farawa, wato zanen yadda ake haɗa kayan: ta ampilin Fender Champ, samfurin da ake kira 5F1, na ƙarshen shekarun 1950. Wat 5 ne, maɓallin ƙara guda ɗaya, ƙwayaye uku. 12AX7, wanda Turawan Turai ke kira ECC83, shi ke ɗaga ƴar wutar gita a matakai biyu. 6V6 shi ke tura sifika. 5Y3 shi ke miƙar da wutar bango ta koma mai tafiya hanya ɗaya. Sai rezistans masu rage gudun wuta wajen 12, kondansa masu tara wuta ba su kai 10 ba, taransifoma biyu, fiyus, da sifika. Wanda ya taɓa buɗe caja ko dikoda zai yi mamakin ƙarancin kayan. Babu allon nan mai ƙananan ƙafafu da sai da madubin ƙara girma; komai babba ne, waya zuwa waya, ana gani ana bi da yatsa a kan takarda.

Wannan sauƙin ne ya sa taswirar ta dace da ɗan koyo. In an kunna bai yi magana ba, wuraren da za a duba kaɗan ne. Mai ɗoki yakan so ya tsallake zuwa Fender Deluxe 5E3 mai 6V6 guda biyu, ko ma irin ampilin Marshall, wanda shi kansa a 1962 daga taswirar Fender Bassman aka samo shi. Kada a yi. Duk ƙarin mataki na ɗaga sauti ƙarin ƙofa ce ta gurnani da shewa, kuma wanda bai iya gano laifi a ƙwai uku ba, ba zai gano shi a shida ba.

Abubuwan da ke ɓata aikin farko ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne. Dalmar da ba ta narke ta kama sosai ba, ta yi dunƙule a saman ƙafa. Kondansa mai fuska biyu da aka juya ta baibai, wadda tana iya fashewa. Ƙirga ƙafafun mazaunin ƙwai daga sama maimakon daga ƙasa. Sai gurnani, wanda yawanci daga wayoyin da ke gasa ƙwai yake: dole a murɗe su biyu tare tamau, a kwantar da su jikin ƙarfe, nesa da wayar da ke ɗauko sautin gita. In kuma an kunna ya ɓarke da shewa mai tsanani, galibi wayoyi biyu na taransifomar sifika ne aka musanya.

Inda hatsarin yake

Nan ne bidiyoyin minti ɗaya ba sa tsayawa. Yaron shagon da ya saba da wayar salula da rediyon batir ya saba da volt 5, volt 12. Cikin wannan ƙaramin akwati mai wat 5, farantin 6V6 yana ɗauke da volt fiye da 300, kuma ba mai sauyawa ba ce, tsayayyiya ce. Miliampa ƴan gomiya in suka ratsa ƙirji sun isa su rikita bugun zuciya, ampilin kuwa yana da wannan da rara.

Abin da ya fi kama mutane shi ne zare waya daga bango ba ya kashe wutar. Manyan kondansa uku na 5F1, ɗaya mai mikrofarad 16, biyu masu 8, duk na volt 450, aikinsu tara wuta ne. Ɗan Damagaram ya san randa: pampo ya ɗauke tun jiya, amma ruwa na nan cike. Haka kondansar take, kuma taswirar asali ba ta da abin da zai zubar da ita da kansa. Shi ya sa masu haɗawa a yau suke ƙara rezistans mai ohm 220,000, na wat 2, a kan kondansa ta farko, don ta riƙa tsiyaya in an kashe. Ko da shi, ba a sa hannu sai an auna da mita an ga wutar ta sauka ƙasa da volt 10. In ba ta sauka ba, ta rezistans ake zubar da ita. Masu haɗa ƙafafun da sukuddireba su ga tartsatsi suna ɓata kondansar, wani lokaci da idonsu.

In dole sai an auna yana kunne, baƙar wayar mita a maƙale ta jikin ƙarfen tun kafin a kunna, a riƙe jar da hannu ɗaya, ɗaya hannun a aljihu, don kada wuta ta shiga ta hannu ta fita ta ɗaya ta bi ta zuciya. A cire zobe da agogo. A sa takalmin roba, a tsaya kan busasshen katako. Daɓen siminti da ƙafa babu takalmi, ga gumin watan Afrilu, hanya ce buɗaɗɗiya. Kuma kada a yi shi kai kaɗai a ɗaki. Ko gidan yana da na'urar nan mai yanke wuta a miliampa 30, ba lallai ta cece ka ba, don wutar da ke bayan taransifoma ba ta ganinta.

Kunnawar farko ma tana da ladabinta. Ana ratsa ƙwan lantarki na da, mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, a kan wayar da ke shiga ampilin. In akwai wayoyin da suka haɗu ba daidai ba, ƙwan zai haska tar ya tsaya haka, ya shanye wutar, taransifoma ta tsira. In lafiya, zai yi haske ya dushe. Ƙwan LED ba ya wannan aiki, kuma na da ɗin ya fara wuya a shaguna, wanda ya samu ya adana. Ana farawa babu ƙwai ko ɗaya a mazauni, a auna, sannan a sa 5Y3, a auna, sannan sauran. Sifika kuwa dole tana haɗe kafin a kunna. Ampilin taransisto ba ruwansa in babu sifika. Mai ƙwai yana iya ƙona taransifomarsa.

Abu biyu ne zan ce a guje su ko da kyauta aka ba ka. Na farko taransifomar na'urar ɗumama abinci: tana fidda wajen volt 2,000 da ƙarfin da ke kashewa nan take, kuma ba ta da amfani a wannan aiki. Na biyu ita ce rediyon kakan da ake ta magana. Da yawa cikin ƙananan rediyoyi masu ƙwai an yi su ne babu taransifomar wuta don a rage tsada, wato ƙafa ɗaya ta wutar bango tana iya kasancewa a jikin ƙarfen kai tsaye. A rediyo, akwatin roba ko katako ya rufe shi. A ampilin gita, jikin ƙarfen yana haɗe da wayar gita, wayar gita tana haɗe da tsirkiyoyi, tsirkiyoyi suna hannun mai kiɗa.

Kuran ɗin gidajenmu

Wannan batu na ƙarshe shi ya kawo mu ga matsalar da mai haɗawa a Jamus ba ya tunaninta. Kariyar ampili mai jikin ƙarfe ita ce waya ta uku, ta ƙasa, wadda ake ɗaurewa da ƙusa tata ita kaɗai a jikin ƙarfen. In wata waya ta kwance ta taɓa jiki, wuta ta bi ta nan, fiyus ya ƙone, mutum ya tsira. To, gidaje nawa ne a Birni ko Zango ko Garin Malam ke da wayar ƙasa ta gaskiya a bango? Sau da yawa ramin na uku yana nan, bayansa babu komai. Wanda zai haɗa ampili, ya fara kiran mai aikin kuran ya kafa masa sandar ƙasa a ɗakin da zai yi aiki. Busasshiyar ƙasa mai rairayi da duwatsu irin tamu ba ta karɓar wuta da kyau, don haka sai an zurfafa, an kuma auna. Ribar biyu ce, domin rashin wayar ƙasa yana cikin manyan dalilan gurnanin da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya.

Sai ƙarfin wutar kanta. Ta NIGELEC volt 220 ce, mai juyi 50 a daƙiƙa. Ta Amurka volt 120 ce, mai juyi 60. Yawancin kayan haɗin Champ da ake tallatawa a intanet na kasuwar Amurka ne. Wanda ya yi oda bai duba ba, ya cusa a bango, taransifomar tana iya tafiya a kunnawar farko. A tabbatar an rubuta volt 220 zuwa 240, da kuma juyi 50, a bayanin taransifomar.

12AX7 da 6V6 suna son volt 6.3 a wajen gasa su, 5Y3 kuwa volt 5, kuma ƙwai ba ya jure kaucewa da ta wuce kashi goma cikin ɗari. Ampilin ba shi da abin daidaita wuta a ciki: ta bango ta hau, komai ya hau, ta sauka, sauti ya yi laushi. Wanda ya zauna a yankin nan lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a watan Agustan 2023 ya san yadda ake komawa kan gurup da hasken rana. Ƙaramin gurup yana harba wuta sama in an cire masa kaya kwatsam, kuma inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi tana sa taransifoma zafi da ƙugi. Na'urar daidaita wuta a gaba ba ado ba ce. A kuma san cewa ƙwai maci ne: 5Y3 kaɗai wat 10 yake sha don gashi, kuma duka akwatin yana jan wat gomiya uku zuwa huɗu don ya ba ka 5. Sauran duk zafi ne, a garin da bazara ke haura digiri 40. A bar bayan akwatin a buɗe, a nisanta kondansa da ƙwayaye, a rufe shi da ƙyalle lokacin hunturu in ya huce, don ƙura kan shiga mazaunin ƙwai da maɓalli ta kawo ƙarar ƙas-ƙas.

Abin da ake samu da abin da sai an yi oda

Rezistans, waya, dalma, fiyus, ramin cusa gita, duk ana samu wajen masu kayan gyara a kasuwar Dole, abin da ya gagara a aika Sabon Garin Kano. Kondansa masu volt 450 suna nan cikin matattun akwatunan wutar kwamfuta da telebijin, amma a karanta jikinsu: mai 400 ta yi kusa da iyaka, wadda ta kumbura kuma a jefar. Maƙerin fanteka zai lanƙwasa jikin ƙarfen, kafinta ya yi akwatin. Taransifomar wuta ma ƙwararren mai naɗi zai iya yinta in an ba shi lissafi daidai: ɓangaren wuta mai ƙarfi mai waya a tsakiya, ɓangaren volt 6.3, da na volt 5.

Taransifomar sifika ce ƙashin bayan matsalar. 6V6 yana son nauyin ohm wajen 5,000, sifika kuwa 4 ce ko 8. Taransifomar ce ke sasanta su. Daga 5,000 zuwa 8, naɗin 25 ne a kan 1. Lissafin ba wuya. Wuyar ita ce a ampili mai ƙwan ƙarfi ɗaya, wuta tsayayyiya tana ratsa naɗin kullum, don haka sai an bar ɗan tsagi a ƙarfen tsakiya, in ba haka ba ƙarfen ya ƙoshi, sauti ya shaƙe. Mai naɗin da ya saba da fanka da na'urar daidaita wuta bai saba barin wannan tsagi ba, don aikinsa bai taɓa buƙata ba. A karo na farko, wannan a saye ta.

Ƙwayayen kansu masana'antu ƙalilan ne suka rage suna yinsu a duniya: JJ Electronic a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha mai fidda Sovtek da Electro-Harmonix, da wasu a Sin. A watan Maris na 2022, da yaƙin Yukiren ya jawo takunkumi da hana fitar da kaya, sai da ƴan gita a duniya suka shiga rububin saye, farashi ya tashi. Cikakken kayan haɗi daga kamfanoni irin Mojotone ko StewMac dalolin Amurka ɗaruruwa ne, kafin kuɗin jirgi da na duwan, ga taransifoma da nauyi. Maganar araha dai ta faɗi. Ƙananan allunan nan masu ƙwai biyu da ake sayarwa da rahusa, wasu har da fitila shuɗiya a ƙasa don kyau, ba sa tura sifika. Wani abu ne dabam.

Wa abin zai yi wa amfani?

Makaɗin buki mai yawo da kaya a bayan kabu-kabu, daga Mirriya zuwa Magarya, ba wannan ne ampilinsa ba. Gilashi ba ya son gargada, kuma allon ampili marar ƙwai, mai TPA3116, zai ba shi wat gomiya daga batir, ba zafi, ba nauyi. Wanda zai ji daɗinsa shi ne mai ɗan situdiyo da ke naɗar gita, da mai koyon kiɗa a ɗaki, da kuma ɗalibin lantarki, na makarantar sana'a ko na Jami'ar André Salifou, domin a akwati ɗaya zai ga miƙar da wuta, tacewa, ɗaga sauti da sasanta nauyi, duk da ido.

Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ya fara da LM386, ƙaramin ampili marar ƙwai, da batir mai volt 9. Zai ji gitarsa ta yi magana, ya koyi karanta taswira da mita, kuskurensa kuma bai wuce ƙona abin dala kaɗan ba. Daga nan ya nemi maigida. Mutanen da suka fi dacewa suna nan cikin gari, ko da ba su taɓa ganin Champ ba: dattawan da suka yi zamanin gyaran telebijin mai kwalba. Kwalbar nan ita ma ƙwan gilashi ce, mai launi tana aiki da volt wajen 25,000, kuma duk wanda ya tsufa a wannan sana'a ya san yadda ake zubar da wuta kafin a sa hannu. Yaro ya kawo taswira da kaya, malam ya tsaya a kansa ranar kunnawa. In za a yi odar ƙwai kuma, a sayi 6V6 da 12AX7 bibbiyu, domin ranar da ɗaya ya fashe babu shagon da za a aika yaro ya karɓo wani.